Hannayen Rigar Goggo

Duk wanda ya san Tela ya san ba ta yar da ƙyalle. Ko bai wuce tafin hannun jariri ba, sai ta karkaɗe shi ta linke ta jefa a buhun da ke ƙarƙashin teburin yankanta. 'Yan gidansu Uwar Ƙyalle suke ce mata. Yayanta ma yakan ce in ka yi sake ka zauna kusa da ita da riga mai faɗi, da singileti za ka tashi. Ba ta jin haushin tsokanar, don daga buhun nan take fitar da abin da gidan ke jira kowace shekara.

In hutun ƙarshen shekara ya zo, kowa yakan tattara ya nufi gidan Goggo, yayar mahaifinsu, wadda ta riƙe Tela da Yayanta tun suna ƙanana. Wani ya zo da kaji, wani da lemo, ita kuwa Tela sabon tawul na kicin take kawowa. Da ƙyallayen kayan da ta ɗinka wa 'yan gidan a shekarar take haɗa shi. Takan zaɓi masu haske, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, ta yanka su daidai wa daida, ta jera ta ɗinke, ta sa shafi a tsakiya don ya sha ruwa, ta rufe bayansa da farin yadi, sannan ta kalmashe bakin ta maƙala masa ɗan maratayi. Kafin a taɓa goge ko cokali da shi, sai an shimfiɗa shi a tebur kowa ya nemo nasa. Wannan ya ce ga wandonsa, waccan ta ce ga rigarta ta makaranta, a yi ta shewa har abinci ya nemi hucewa.

Bana dai tun kafin ta sa almakashi gabanta ke faɗuwa, kuma ta san dalili.

Watannin baya 'yar Yaya ta gama makaranta, aka shirya bikin ba da shaida. Goggo ta je shagon ƙawarta Mai Yadi, wadda suke tare tun suna 'yan mata, ta sayo wani yadi kore shar mai furanni ruwan ƙwai. Ƙarshen bandir ne, daga shi babu saura. Ta kawo wa Tela ta ce a yi mata riga mai dogon hannu. Ba ma sai ta faɗa ba. Goggo ta yi shekaru tana girki a kicin ɗin wata makarantar kwana, can tafasasshen mai ya zube mata a hannun dama, ya bar tabo daga wuyan hannu har gwiwa. Da wannan aikin ta ciyar da su, da shi ta saya wa Tela keken ɗinkinta na farko. A cikin gida ba ruwanta da tabon, amma ba ta shiga taro da shi a buɗe.

Ranar yanka, Tela na riƙe da waya a kafaɗa tana musu da wata mai kaya a kan ranar karɓa. Yadi mai fuska ne, dole a haɗa fuska da fuska kafin a fitar da hannaye. Ita kuwa ta ɗora falle a kan falle duk suna kallon sama, ta zana da alli, ta bi da almakashi. Sai da ta ajiye wayar ta ɗaga su ta ga abin da ta yi: hannu biyu, dogaye, masu kyau, duk na hagu. Na daman da Goggo ta fi bukata babu shi, ragowar yadin kuma bai isa a fitar da wani dogo ba.

Da a ce ta je ta ce, Goggo, na yi ɓarna, da faɗan yini ɗaya ne ya wuce. Amma Tela mace ce da ake yabo a kan ba ta kuskuren yanka, kuma yabon ya shige ta fiye da yadda ta sani. Sai ta tsinci gefe-gefen da suka rage ta fitar da gajerun hannu biyu, ta kai rigar, ta ce da bakinta, ba wanda ya matsa mata, "Goggo, yadin ne bai cika ba. Awon ya gaza."

Goggo ta juya rigar ta sake juyawa. Ranar bikin ta sa ta haka, ta naɗe hannun damanta da gyale cikin zafin rana. A hoton da aka ɗauka tana can gefe, ta karkace jiki don kada hannun ya fito. Washegari ta je shagon Mai Yadi ta faɗa mata magana a gaban masu saye, ta ce in za a cuci mutum ai ba aminiya ake fara cuta ba. Mai Yadi ta ɗaga sandar awonta ta ce wannan sandar ba ta taɓa yin ƙarya ba. Goggo ta ce 'yarta ma ba ta taɓa yi mata ba. Tun ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba.

Hannayen nan biyu kuwa suna nan a ƙasan buhu. Mai hankali da ya ƙone su. Tela ta taɓa jefa su a kwandon shara, ta kai har bakin ƙofa, sai ta tsaya. Auduga ce zalla, mai laushi, ko wanki ba a taɓa yi mata ba. Ta zaro su ta karkaɗe ta mayar. Duk lokacin da ta zura hannu neman wani ƙyalle sai yatsunta su taɓa su, ta ji kamar ta taɓa wuta.

Ana saura kwanaki kaɗan hutu ta zauna aikin tawul. Fuskar ta tashi da kyau. Ga jan rigar matar Yaya, ga shuɗin wandon Yaya, ga ɗigo-ɗigon siket ɗin 'yarsa, ta zagaye su da ruwan ƙwai na labulen da ta yi wa falon Yaya. Da ta zo sa shafi sai ta tarar tsohon zanen gadon da take yankowa ya ƙare ƙaf. Ta zazzage buhun a ƙasa tana neman mai faɗi, ba ta samu ba, sai hannayen nan biyu da suka faɗo a saman tarin.

Ba ta yi niyya ba, hannunta ne ya riga tunaninta. Ta shimfiɗa ɗaya kansa sama, ta kwantar da ɗayan kusa da shi kansa ƙasa, faɗin wannan ya cike siririn wancan. Suka zauna cif a kan girman tawul ɗin kamar don shi aka yanka su. Ta daɗe tana kallonsu. Nan zuciyarta ta raya mata cewa ga hanya ta samu: ba ta yar da yadi mai kyau ba, ba kuma za ta sake taɓa shi a buhu ba, ƙarshe ma gidan mai shi zai koma. Ta rufe da farin yadi mai ɗan kauri, ta bi da keke layi-layi, ta kalmashe baki, ta goge. Ta ɗaga ta duba gaba ta duba baya, ko alamar kore babu. Abin da bai faɗo mata ba shi ne tawul na kicin ba don ya zauna a bushe ake yin sa ba.

Ranar da aka taru gidan ya cika da hayaniya. Takalma sun yi tsibi a bakin ƙofa, yara na guje-guje tsakanin falo da tsakar gida, ƙamshin soyayyar albasa ya cika ko'ina. Tela ta durƙusa ta gaida Goggo.

"Uwar Ƙyalle, kin rame," in ji Goggo. "Ko ɗinkin mutane ne ya hana ki ci?"

"Aiki ne kawai, Goggo."

"Aiki ko ƙaryar teloli?" Yaya ya cafe daga kan kujera. "Gobe ki zo, jibi ki zo, ai dole mutum ya rame."

Kowa ya yi dariya. Ita ma ta yi, amma iyakarta leɓe. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Aka share tebur aka shimfiɗa tawul. Nan da nan kawuna suka haɗu a kansa. Matar Yaya ta gano nata ta yi tsalle kamar yarinya. Yaya ya ce shuɗin nan ba wandonsa ba ne, aljihunsa ne da ya ɓace, yanzu ya gane inda ya shiga. Goggo ta sa tabarau ta sunkuya, tana bin layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ta kai ƙarshe, ta sake dawowa farko.

"Bana babu nawa?"

Tela ta dubi ƙofar ɗaki. Ga dama ta biyu ta zo har gabanta, da ta ce Goggo zo mu shiga ɗaki, da shi ke nan. Amma idanu sun yi yawa.

"Naki bai rage ba, Goggo. Kin san yadin."

"Haka ne," in ji Goggo, ta cire tabarau. "Na sani."

Ta ɗauki tawul ɗin da kanta ta kai kicin, ta cire na bara daga ƙusar da ke kusa da taga ta rataye sabon.

Wurin cin abinci akwai kujera ɗaya mai matashi wadda ba wanda ya zauna a kai. Ta Mai Yadi ce, nan take zama duk shekara saboda ciwon bayanta, tana ba yara alewa daga jaka. Ƙaramin ɗan Yaya ya tambaya ko yau mai alewa ba za ta zo ba. Uwarsa ta harare shi. Goggo ta ce a ci abinci, wanda ya cuce ka a awo zai cuce ka a komai. Tela ta ajiye cokali ta jawo kofin ruwa.

Bayan an gama, mata suka kwashe kwanuka zuwa kicin. Matar Yaya na wankewa a bakin famfo, Tela na jerawa, Goggo na zaune a kan 'yar kujera tana ba da umarnin da ba wanda ke bukata. Sabon tawul ya sha aiki. Aka goge faranti da shi, aka goge tukwane, aka share miyar da yaro ya zubar a kan kanta. Matar Yaya ta ce kai, abu mai kyau haka ba za ta bari mai ya kama shi ba. Ta tsoma shi a ruwan sabulu ta cuɗa ta ɗauraye ta matse, sannan ta ware shi ta shanya a ƙarfen taga, farin bayan yana kallon cikin kicin.

Rana ta karkata, tana dukan tagar kai tsaye. Farin yadin da ya jiƙe ya manne da abin da ke cikinsa, haske ya ratsa. Kore ya fito shar, furanni ruwan ƙwai suka bayyana ɗaya bayan ɗaya. Ba launin kaɗai ba, har siffar: kan hannu mai lanƙwasa a sama, wani a ƙasa, dogaye har wuyan hannu.

"Lah, ji wani ado a ciki!" in ji matar Yaya. "Uwar Ƙyalle, wannan kuma sabuwar dabara ce? Kamar yadin nan na..."

Ta haɗiye sauran maganar, don ta ga fuskar Tela. Ta goge hannunta a jikin zane ta ce bari ta duba yara, ta fice ta ja ƙofa.

Goggo ta miƙe a hankali ta je gaban tagar. Ta sa tabarau. Ta ɗora yatsa a kan lanƙwasar hannu na farko ta bi ta, ta koma na biyu ta bi. Ta yi shekaru tana zama kusa da keken Tela, ta san gaban hannu ta san bayansa. Sai ta ɗaga hannunta na dama, mai tabon, ta jera shi da wanda ke cikin tawul ɗin. Tsawon ya yi daidai har wuyan hannu.

"Duk na hagu ne," ta ce.

Tela na riƙe da faranti, ta rasa inda za ta ajiye shi. Kunya ta rufe ta har tana jin zafinta a kunnuwa. Da ƙasa za ta tsage da ta shige ta ja murfi. Ta so Goggo ta yi faɗa, ta zage ta, ko ta ɗaga hannun nan ta mare ta, komai dai ya fi wannan shirun.

"Goggo, waya nake yi ranar, ban haɗa fuska..."

"Ɓarnar yanka ba komai ba ce. Ni ma na sha ƙona tukunya." Goggo ba ta juyo ba. "Ɗauko min takalmina. Ki cire tawul ɗin nan ki riƙo."

Suka fita ta ƙofar baya don kada a tambaye su. Titin ya yi shiru irin na hutu, yawancin shaguna a kulle, sai yara masu buga ƙwallo a gaban wurin mai gyaran babur. Goggo na gaba tana ɗan ɗingishin gwiwarta, Tela na biye da jiƙaƙƙen tawul yana ɗiga mata a ƙafa. Sai da suka yi nisa ta lura Goggo ba ta ɗauko gyale ba. Rigar aikin gida ce a jikinta, mai gajeren hannu, tabon a fili kowa na gani.

"Goggo, hannunki. Bari in koma in ɗauko miki."

"Bar shi. Ba shi ne abin kunyar yau ba."

Shagon Mai Yadi rabin ƙofarsa a buɗe yake, don a bayansa take zaune. Tana kan benci ita kaɗai da kwanon abinci a gabanta, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, bandir-bandir na yadi sun kai har rufi a bayanta. Da ta ga masu shigowa ta rufe kwanon ta gyara zama, fuskarta ba yabo ba fallasa.

Goggo ta yi sallama, ta dafa kanta, ta fara sauke gwiwarta mai ciwo zuwa ƙasa. Tela ba ta taɓa ganin Goggo ta durƙusa wa kowa ba, mutane ne ke durƙusa mata. Ta kai hannu za ta tare ta, Goggo ta ture hannun.

"Ƙawata, awonki ya cika. Na ga sauran yadin da idona. A gaban mutane na ci mutuncinki, in an buɗe kasuwa zan dawo in faɗa a gaban mutane. Yau dai ki yafe min."

"Ke tashi, tashi don Allah, gwiwar nan taki," in ji Mai Yadi, ta kamo ta da hannu biyu. Ta zaunar da ita a kan benci. "A ina kika gan shi?"

"A gidana."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta nuna kowa ba, ba ta ambaci kowa ba. Mai Yadi ta dubi Tela, ta dubi tawul ɗin da koren ke leƙowa ta cikin farinsa. Macen da ta yi rayuwarta tana sayar wa teloli yadi ba sai an yi mata bayani ba. Ita ce ta ba Tela tef ɗin awonta na farko kyauta, ranar da aka kawo keke.

Tela ta zube a ƙasan shagon, hawaye na zuba. "Inna, ni ce. Ni na ɓata yankan, na ce awonki ne."

Mai Yadi ta miƙa hannu ta taɓa jiƙaƙƙen tawul ɗin. Can ta ce, "Da kin zo kin faɗa min, akwai shagon da na san suna da irinsa. Yini ɗaya zan samo miki." Ta juya ga Goggo. "Kujerata tana nan, ko kun ba wani?"

"Tana nan da matashinta."

Ta shiga ciki ta ɗauko jaka, ta zuba alewa, ta kulle shagon. Tsofaffin biyu suka jera a gaba, kowacce na dafe da 'yar'uwarta, suna faɗan wa ya fi wani taurin kai. Ba wadda ta waiwayo. Tela ta biyo su a baya, nesa kaɗan, kamar baƙuwar da ba ta san hanya ba.

A gida yara suka yi ca a kan mai alewa, Yaya ya buɗe baki zai yi tambaya matarsa ta taka masa ƙafa. Tela ta wuce kicin ta ɗauko almakashin da ke cikin aljihun tebur, ta nemi bakin kalmasar za ta farke ta zare hannayen. Goggo ta shigo ta same ta.

"Me za ki yi?"

"Zan cire su, in sa wani shafin."

Goggo ta karɓe tawul ɗin, ta ware shi, ta rataye a ƙusar da ke kusa da taga, inda rana ke bugawa kowace yamma.

"Ba kin ce nawa bai rage ba? Ga nawa nan, ya fi na kowa yawa. Nan zai zauna har shekara ta zagayo."

Tela ta sunkuyar da kai. Ta san sau nawa take shigowa kicin ɗin nan a mako, ta kuma san tawul ɗin Goggo ba ya wuni a bushe.

Goggo ta kai bakin ƙofa, sannan ta tsaya.

"Na baɗi kuma falle ɗaya za ki yi min, wanda zan juya in ga bayansa."

"To, Goggo."

Ta mayar da almakashin aljihun tebur, ta ɗauki farantin da ta bari ɗazu, ta goge shi da tawul ɗin ta jera a kan sauran.